Yadda Mama Noma Ta Zana Matan Kasuwar Canaan

Norma Kilbride tana da shekara sittin da uku lokacin da ta sauka a Guangzhou, kuma ba zane ne ya kawo ta ba. Ɗanta Colin yana aiki a wani kamfanin injina a can, matarsa 'yar ƙasar ta haihu, aka ce uwar miji ta zo ta ga jika, ta taya su raino na wata uku. Ta zo da akwati ɗaya, da maganin ciwon gwiwa, da wani ɗan littafin zane da ta jefa a jaka don sabo kawai.

Asalinta 'yar wani garin masaƙu ce a arewacin Ingila, inda hayaƙi ya rine bangon gidaje. Uwarta ta yi shekara ashirin da takwas a tsaye gaban injin saƙa, har kunnenta ɗaya ya daina ji. Norma kuwa tun tana ƙarama hannunta yake da baiwa, duk takardar da ta faɗo gabanta sai ta cika ta da fuskokin mutane. Malamanta suka tsaya mata ta shiga makarantar koyon zane, ta fito da yabo. Tana da shekara ashirin da shida ta samu wani ɗan ɗaki a Landan ta baje aikinta, zane goma sha huɗu, dukkansu na matan masaƙa: masu cin abinci a tsaye, masu gyara ɗaurin kai, masu jiran mota cikin ruwan sama. Wani mai sharhi a jarida ya leƙo ya rubuta layi uku, ya ce yarinyar ta iya riƙe burushi, amma ba ta san abin da ya cancanci a zana ba. Guda ɗaya aka saya, shi ma gwaggonta ce ta saya don kada ta koma gida hannu rabbana.

Ta koma garinsu ta kama koyarwa a makarantar sakandare, ta auri wani direban jirgin ƙasa, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Shekara talatin da huɗu tana koya wa 'ya'yan mutane yadda ake zana kwalba da tuffa a kan tebur. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta daina zane ba. Kullum cewa take yi sai an yi hutu, hutun kuma ya zo ya wuce. Mijin ya rasu jim kaɗan bayan ta ajiye aiki, ya bar ta da gida shiru da akwatin fenti da ya bushe a bayan kabad.

A Guangzhou ba ta samu rainon da ta zo yi ba. Uwar matar Colin ta riga ta isowa daga ƙauye, ta karɓe jariri da kicin da komai, in Norma ta miƙa hannu sai a yi mata murmushi a zaunar da ita a ba ta shayi. Da zaman ya ishe ta sai ta fara shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta sauka inda ta ga dama, ta yi ta tafiya har gwiwa ta ce ya isa. Wata ranar Talata ta sauka a Sanyuanli. Ta ga wasu mata uku a gabanta da manyan mayafai, ɗaya ruwan goro, ɗaya shuɗi, ɗaya kore shar, suna tafiya kamar garin na ubansu ne. Ba ta san dalili ba, ta bi su har cikin kasuwar tufafi ta Canaan.

Abin da ya fara dukanta shi ne ƙara. Ko'ina ana yagar salatif ana ɗaure dila, masu baro suna ihu a kauce, ana ciniki da Hausa da Faransanci da Turanci, masu shago suna kaɗa hannu suna cewa meyo, meyo, wato babu. Norma ta tsaya jikin wani ginshiƙi tana kallo. Rabonta da ganin mata suna aiki da dukkan jikinsu haka tun tana kai wa uwarta abinci a masaƙa.

Can ta hango wata mata zaune a kan dila, ta cire takalmi ɗaya tana hutar da ƙafa, ta maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne, hannuwanta suna juya rigar yara ciki waje tana duba ɗinki. Norma ba ta san lokacin da ta zaro littafin ba. Ta yi kusan minti ashirin tana zane, har sai da inuwa ta rufe mata takarda.

Matar ce tsaye a kanta. Hajiya Radiyya sunanta, 'yar kasuwa daga Kano, shekara goma sha ɗaya tana zuwa sarin tufafi da takalma, ba ta da tsoro ba ta da kwana-kwana. Da Turancinta na kasuwa ta tambayi Norma wa ya ba ta izini, kuma wa ya aiko ta. Ta ce ta gaji da masu ɗaukar hotonsu a ɓoye suna sawa a waya kamar sun ga namun daji. Norma ta ji kunya ta rufe ta har kunne. Ba ta kare kanta ba. Ta yage shafin ta miƙa mata da hannu biyu, ta ba ta haƙuri, ta ce laifinta ne. Hajiya Radiyya ta karɓa ba ta ko duba ba, ta ninke ta cusa a jaka ta juya.

Norma ta yi kwana biyu ba ta fita ba. A na uku ƙafarta ta sake kai ta Canaan, da niyyar ta kalla kawai, littafin ma a gida ta bar shi. Ba ta daɗe a jikin ginshiƙin ba ta ji an taɓa kafaɗarta. Hajiya Radiyya ce, da takardar a hannu, ta warware ta tana ta shafa wurin ninkin. Ta ce ta duba a masauki, ta ga abin da ba ta taɓa gani a hoton waya ba, ta ga yadda take tsuke baki in tana duba kaya, kuma haka mahaifiyarta take yi, Allah ya jiƙanta. Sannan ta ce ta yi tunani a kan ko ya dace a zana ta, don akwai masu ƙyamar abin a addinance, kuma ba ta raina hujjarsu ba.

"Amma fuskar nan tawa tana cikin fasfo, tana cikin biza, tana cikin kowace kyamara ta garin nan," in ji ta. "Duk masu kallonta nema suke su kama ni da laifi. Ke kaɗai kika kalle ta kika ga mutum. In za ki zana ni, zana ni ina aiki. Kada ki mai da ni abar tausayi."

Haka aka fara. Wata uku suka cika, Norma ta koma Ingila ta rufe gidanta, Colin ya nema mata takardar zama, ta dawo. Ta kama wani ɗan ɗaki a hawa na shida a wani tsohon gini kusa da kasuwar, ta sayi fenti da burushi da yadin zane da katakon ɗaure shi. A ranar ta fara matsa fenti a kan allo, warin man ya cika ɗakin.

Zanen farko na Hajiya Radiyya wata biyu ya ci. Da ta dawo sari a kaka, lokacin babbar kasuwar baje koli ta Pazhou, Norma ta kai ta ɗakin ta yaye ƙyallen da ta rufe shi, ta koma gefe tana jira. Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta yaba hannuwa, ta yaba zaman, ta ce har nauyin dilar ana ji. Daga nan sai ta nuna fuskar ta ce wannan ba fatar mutum ba ce, tokar murhu ce, an mai da ita kamar wadda ta tashi daga jinya.

Maganar ta soki Norma, don shekara talatin da huɗu ita ce mai gyara wa mutane launi. Amma da ta sake dubawa ta ga gaskiya ce. Duk karatun da ta yi, ba wanda ya taɓa koya mata yadda haske yake zama a kan baƙar fata. Hajiya ba ta tsaya rarrashi ba, ta ja ta suka sauka kasuwa. A wani shagon yadi ta sa aka sauko da bandir-bandir, ta naɗe hannun riga, ta riƙa ɗora yadi a kan damtsenta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora ja, fatar ta yi ɗumi kamar zuma. Ta ɗora shuɗi, wani sheƙi mai duhu ya fito. Ta ɗora ruwan ɗorawa, ta ce duba nan, duba gefen nan. Ta ce ita da wannan idon take ci, tun daga nan take sanin launin da zai karɓi amaryar Kano da wanda zai kashe ta. Mai shagon yana ta laoban, laoban, wato shugaba, yana zaton babban ciniki ya zo. Norma ta koma ɗaki ta kankare fuskar gaba ɗaya ta sake, ba ta ƙara taɓa ruwan toka ba.

Daga wannan zanen labari ya bazu. Hajiya Radiyya ta kawo ƙawarta Fasuma, 'yar Yamai mai sarin takalma a Zhanxi Lu, doguwa mai yawan dariya, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya na minti biyar. Fasuma ta kawo wasu. Sunan Norma ya gagari bakinsu, suka mai da shi Noma, da yake kuma ta isa ta haifi wasunsu sai ya zama Mama Noma. Ita ma ta fara tsintar Hausa, sannu da aiki, ina gajiya, yaya kasuwa, tana faɗa ana dariya ana gyara mata. Ba kowa ne ya yarda ba. Akwai matan da suka ce a'a, akwai wani Alhaji da ya ce ko inuwarsa kada ta zana. Norma ta koyi darasinta tun ranar farko, duk wanda ya ƙi sai ta ce to, ta rufe littafi, gobe kuma su gaisa lafiya.

Shekara biyu tana wannan aiki. Tana bin su Zhanxi Lu su duba ɗinkin takalmi, tana bin su Pazhou ta zauna a gefe suna magana da masu masana'antu, tana jiransu a bakin masallaci ranar Juma'a su fito a tafi cin tuwo a Xiaobei. In sun koma gida sai ta rufe kanta a ɗaki da abin da ta tara a littafi. Matar Colin ce ta ɗauki hoton wasu zanen da waya ta nuna wa wata ƙawarta, ƙawar ta nuna wa Madam Liang, mai gidan baje zane-zane a wata tsohuwar masana'anta da aka gyara a Haizhu, ba nisa da Pazhou. Madam Liang ta hau hawa shida da ƙafarta, ta tsaya tana haki a tsakiyar ɗakin, ta juya ta kalli bango huɗu. Ta ce shekara ashirin tana wuce waɗannan matan a titi, yau ta fara ganinsu. Kafin ta sauka ta ba Norma watan Oktoba, ɗakin gaba ɗaya.

A watan Maris Norma ta tafi Ingila na mako uku don likita ya duba gwiwarta. Zane goma sha tara ta bari a jingine, wasu ba su gama bushewa ba, sai ta bar taga a buɗe don iska ta shiga. Ba ta san halin garin a wannan lokacin ba, don shekarun baya tana nan, maƙwabta suna ƙwanƙwasa mata ƙofa su ce ta rufe. Akwai wasu kwanaki a ƙarshen sanyi da iska take juyowa daga kudu, gari ya jiƙe ba tare da ruwan sama ba. Bango yana gumi, ƙasa tana santsi, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba. Da ta dawo ta buɗe ƙofa, wari ne ya fara tarbarta. Fumfuna ta bi yadin ta baya ta ɓullo ta gaba, baƙa da kore, ta cinye fuskoki. Katako ya lanƙwashe, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Bakwai ne kawai suka tsira, waɗanda suke nesa da tagar.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe tagar, ta zauna a kan kujerar da take zaunar da masu zuwa zane, ta kalli hannuwanta da suka fara kumburin tsufa. Ta ce a ranta ai dama haka abin yake ƙarewa. Ta gaya wa Colin ya nema mata tikiti, ta rubuta wa Madam Liang saƙon ban haƙuri, ta kasa turawa.

Ana cikin haka kasuwar baje koli ta bazara ta buɗe, Hajiya Radiyya ta sauka. Ta duba jikin ginshiƙi ba ta ga Mama Noma ba, ta kira waya ba a ɗauka ba, sai ta hau benen. Ta shiga da sallama, ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya tana salati a hankali. Nata na farko, wanda aka sake wa fuska, yana cikin waɗanda suka lalace. Norma ta ce mata gida za ta koma, shekara sittin da biyar ba lokacin sake farawa ba ne, aikin shekara biyu ba ya yiwuwa a wata shida.

Hajiya ta jawo bokitin fenti ta kife ta zauna. Ta ba ta labarin shekarar da gobara ta tashi a layinsu a Kano, kwana huɗu bayan ta sauke kayan sallah. Ta ce ta iso da safe ta tarar ko ƙofar shagon babu. Ta tsaya tana kallon toka har azahar. Washegari ta zo da tsintsiya ta share wurin, ta shimfiɗa tabarma, ta baje 'yan takalman da suka rage a gida, don masu sayayya su san tana nan.

"Mama, kayan ne suka lalace," in ji ta. "Mu da kika zana muna nan da ranmu, ga mu mun sauka gari. Idonki bai yi fumfuna ba. Tashi ki wanke fuska, akwai wanda za mu je gani."

Wanda suka je gani shi ne Alhaji Maidaji, mutumin Maraɗi, wanda yake tattara kayan 'yan kasuwa a rumbunsa da ke Baiyun yana loda su a kwantena. Da yake yana ajiye takalman fata, hawan sama na rumbun a bushe yake kullum, da injinan tsotse danshi suna gurnani. Ya saurari Hajiya har ta gama, ya kalli Baturiyar da ke tsaye tana riƙe da jakarta da hannu biyu, ya ce lahiya lau, magazan ɗin, wato rumbun, babba ne, ta ɗauki kusurwar da ke da taga biyu. Ya sa aka kwashe katan-katan aka share, ya ce sharaɗinsa ɗaya, kada warin fenti ya shiga takalman mutane.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hajiya ta sa magana a zauren waya na matan sari, kafin kwana biyu an tsara wa za ta zo yaushe. Duk mai kawo kaya rumbu sai ta hau sama ta ba Mama Noma rabin awa, wata tana zaune tana amsa wayar gida, wata tana cin abinci, wata barci ma yake ɗauke ta. Babu lokacin lallaɓawa irin na da. Norma ta ajiye ƙananan burushi ta ɗauki manya, ta riƙa kama mutum a zama ɗaya, abin da ido ya gani hannu ya sa, ba gogewa ba komawa. In yatsunta sun ƙage Fasuma ta murza mata su da man kaɗanya tana yi mata tsiya da Faransanci. A mako na uku ta ja da baya ta kalli abin da ta yi. Waɗannan sun fi waɗanda suka lalace. Na da suna zaune ne cikin ladabi, waɗannan kuwa kamar za su yi magana.

Da matan suka koma gida ta ci gaba ita kaɗai cikin zafin bazara, daga safe har la'asar, ƙarar loda kwantena tana tasowa daga ƙasa. A nan ta yi babban zanen, wanda faɗinsa ya kai taku huɗu: mata bakwai ranar ɗaure kaya, Hajiya Radiyya a tsakiya ta danne dila da gwiwa tana jan igiya, Fasuma ta buɗe baki tana dariya da takalmi ɗaya a hannu, a gefe ga wata mai shago 'yar ƙasar tana miƙa musu shayi a ƙananan kofuna. Sai da ta hau tsani ta yi samansa, da wannan gwiwar tata. Mako biyu kafin ranar buɗe nunin, zane ashirin da biyu suka kammala.

Aka sa buɗewar ranar Asabar da la'asar, a makon farko na kasuwar kaka. Madam Liang ta shirya kujeru arba'in da ɗan abin taɓawa, ta ce wa Norma kada ta damu in mutane ba su da yawa, haka abin yake ga sabon suna. Ƙarfe uku baƙin da aka saba suka fara shigowa, malaman zane da ɗalibai da 'yan jarida biyu. Norma tana tsaye a lungu cikin shuɗiyar rigar da Hajiya ta zaɓar mata.

Wajen uku da rabi ta ji hayaniya a tsakar gidan. Ta leƙa ta taga. Daga bakin titi har ƙofa mutane ne, mata cikin leshi da atamfa da shadda, mayafai iri-iri, maza cikin manyan kaya da huluna, da yawansu katin shiga kasuwar Pazhou yana rataye a wuyansu, daga can suka taso kai tsaye. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Yamai, 'yan Kumasi. A bayansu ga masu shagunan Canaan da na Zhanxi Lu da suka rufe da wuri, har da masu baro biyu da suka sa riguna masu guga. Ƙamshin turare ya riga su shiga. Madam Liang ta kalli kujerunta arba'in ta yi dariya, ta ce a kwashe su a ba mutane wuri.

Norma ta taɓa ganin yadda ake kallon zane a Landan, a yi shiru a karkata kai. Nan ba haka aka yi ba. Ana nunawa ana kiran suna, ga Ummu Salma can, wallahi har yadda take riƙe jaka. Wata ta tsaya gefen nata ana ɗaukarsu tare. Mai shagon da ke cikin babban zanen ta gane kanta, ta rufe baki da hannu, ta kama hannun Norma tana ta shiyeshiye, wato godiya, hawaye yana zubo mata. Alhajin nan da ya ce ko inuwarsa kada a zana shi ma ya zo, ya zagaya sau biyu hannunsa a baya, da zai fita ya tsaya gabanta ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Malaman zanen da suka zo da niyyar leƙawa su wuce suka kasa tafiya. Wani dattijo a cikinsu ya sa tabarau ya matsa dab da fuskar Fasuma, ya daɗe, ya juyo ya tambayi Norma a wace makaranta ta koyi haɗa wannan launi. Ta nuna masa Hajiya Radiyya.

Ita Hajiya tana gaban babban zanen, ta kira gida ta waya tana juya kyamara, 'ya'yanta suna ihu daga Kano. Sannan ta kashe wayar. Norma ta matso kusa da ita tana jiran hukunci, don har yanzu bakin Hajiya take tsoro fiye da na kowa.

"Yanzu kam ni ce," in ji Hajiya. Ta share gefen ido da bakin mayafi. "In jikokina suka tambaya me na yi a duniya, a nuna musu wannan."

Aka nemi Norma ta yi jawabi. Ta yi godiya da Turanci, matar Colin ta fassara wa 'yan ƙasa, Colin yana gefe da 'yarsa a kafaɗa yana kallon uwarsa kamar yau ya fara saninta. Sannan ta juya wajen matan, ta faɗi abin da ta yi mako guda tana maimaitawa: "Na gode. Allah ya bar zumunci." Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin, wata daga baya ta rangaɗa guɗa, masu gadin ƙofa suka leƙo a firgice.

Mako uku aka shirya nunin zai yi, sai da ya yi wata biyu. Jaridun garin suka rubuta, aka riƙa kawo ɗalibai da mota. Masu saye suka yi layi, Madam Liang tana ba su haƙuri. Wata mata mai kula da wani gidan tarihi a Ingila, da wani aiki ya kawo ta garin, ta shigo don ta fake wa ruwan sama, ta fita da alƙawarin za a baje aikin gaba ɗaya a can a shekara mai zuwa, da sunan Norma a jikin ginin. Norma ta ce ta yarda, amma sai an aika wa Hajiya Radiyya da Fasuma takardar gayyata, su tsaya gefenta ranar buɗewa. Aka aika.

Da lokacin tura zanen ya yi, gidan tarihin ya turo ƙwararrun masu ɗaure kaya da fararen safar hannu. Alhaji Maidaji ya zo da kansa ya tsaya a kansu. Ya ce a rumbunsa aka haifi kayan nan, ba za su bar gari bai ga ɗaurinsu ba. Ya ƙwanƙwasa kowane akwatin katako, ya sa aka ƙara maganin danshi a kowace kusurwa, ya sa aka sake ɗaure guda biyu da bai gamsu da su ba. Da aka rufe na babban zanen, ya zaro baƙin alƙalamin da yake rubuta sunayen masu kaya da shi, ya rubuta a jikin katakon da manyan baƙaƙe: MAMA NOMA, INGILA. Ɗaya daga cikin ƙwararrun ya fara cewa ba a rubutu a jiki, Norma ta ce a bar shi haka.

Ta tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana. Daga nan ta gyara jakarta a kafaɗa ta nufi tashar jirgi, don masu ɗinki huɗu a wata masana'antar takalma sun yi mata alƙawarin ta zana su a lokacin cin abincinsu, kuma ba ta son ta makara.